Motar Marigayi Da Ke Tashi Ranar Juma'a

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, ajiye abin da ke hannunki ki matso nan kusa da ni, akwai abin da nake so ki ji, kuma ba irin maganar da ake ɗaga murya a yi ba ce. Kai ma ɗan uwa, in kana kusa, samu gefen tabarma ka zauna, don har da kai a ciki.

Ni dai a lokacin da abin nan ya faru matar gida ce a Tudun Wada, cikin Gusau. Asalina wani ƙauye ne gefen Tsafe, karatuna kuwa bai wuce na allo ba, sai 'yan azuzuwan firamare da na leƙa. Ba ni da yawo ko kaɗan. In aka gan ni a waje, to biki ne, ko rasuwa, ko asibiti. Amma fa akwai surutu, matan unguwa a tsakar gidana suke yini, kuma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune ina tankaɗe zan gaya maki wanda ya wuce ta lungu daga jan takalminsa kawai. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce da ni a gidan ba ya bukatar kare, ni kuma in ce to ya riƙa biyana kuɗin gadi.

Shi ɗan kasuwar hatsi ne, yana saro dawa da masara daga ƙauyuka. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayi mota 'yar Kwatano mai baƙin gilashi. Ba motar ce ta fi burge shi ba, makullinta ne. Makulli ne mai kauri da maɓallai, in ya danna sai motar ta yi ƙara sau biyu, fitilunta su ƙifta. Duk baƙon da ya zo sai ya yi masa bayani cewa akwai wata 'yar ƙwaya a cikin makullin wadda motar ta sani, ko ɓarawo ya yanko makulli iri ɗaya sak, inji ba zai tashi ba sai ya ji wannan ƙwayar a kusa. Ni kuma na ɗauki zancen na yi ta yawo da shi gidajen biki, har ina ƙara masa gishiri, ina cewa motarmu ta san mai ita kamar yadda akuya ta san mai ba ta dusa. Babu wanda bai ji ba a unguwar.

Garejin da ya gina mata ƙofarsa ta lungun baya take, amma bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakina, kan gadona ma a jikin bangon yake. Don haka na haddace fitarsa kamar karatu. Kwaɗo zai yi ƙara, ƙofar ƙarfe ta yi kuka, makulli ya yi ƙararsa sau biyu, a rufe ƙofar mota a hankali, sai shiru na ɗan lokaci, yana addu'ar hawa abin hawa ke nan. Sannan inji ya tashi, ya bar shi ya daɗe yana ɗumi kafin ya fita.

Da ciwo ya kama shi, hannunsa ya soma rawa. Ranar da jikin ya yi tsanani za mu asibiti, makullin ya suɓuce masa a bakin famfo, ya daki siminti ya rabe biyu. Aka haɗa, aka murɗa, mota ta ƙi tashi. Wani maƙwabci ya ce akwai mai gyaran makulli a bakin tasha, aka kira shi. Ni ban gan shi ba, ina ciki ina haɗa kwanuka da bargo. Abin da na ji kawai shi ne shigowarsa zaure da tarin makullai a ƙugu suna kacau-kacau, da wata dariya da yake yi ta hanci. Ya shiga gareji ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, ya tafi da makullin zuwa rumfarsa, ya dawo da shi an naɗe da baƙar roba. Mota ta tashi. Muka yi ta sa masa albarka. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya yi, mai motar yana jingine yana numfashi da ƙyar, wa ke ta tambaya? Daga wannan kwanciyar asibitin maigidana bai dawo ba.

Na shiga takaba. Ƙaninsa da ke zaune a Bungudu ya ce ba za a raba gado ba sai na fita, kuma kafin nan kayan marigayi ba mai taɓawa. Ya sa wa gareji sabon kwaɗo ya tafi da ɗan makullinsa, ni kuma aka ba ni makullin motar, na tura shi ƙasan wata kwalla ƙarƙashin zannuwana. Aka kawo mini gwaggon marigayi daga Furfuri ta zauna da ni. Tsohuwa ce mai kirki, sai dai kunnenta ya yi nisa, kome ka faɗa sai ta ce mi kac ce. Ita ta shimfiɗa mini doka: ba zuwa zaure, ba leƙen waje, ba ɗaga murya, mai takaba ko inuwarta kada titi ya gani. Na karɓa ban tambayi kowa ba. 'Ya'yana mata suna ɗakunan mazajensu, namiji ɗaya ne a gidan, babban ɗana, wanda ya riƙe rumfar mahaifinsa a kasuwa. Ɗan fari ne, kin kuwa san yadda muke da ɗan fari. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Da safe zai durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Ni da ke iya yini ina zuba da matar maƙwabci, a gaban ɗana bakina ɗaure yake. Kowace Juma'a kuma, in an sauko masallaci, sai ya hau kabu-kabu ya tafi Bungudu gaida kakarsa, ba ya dawowa sai gab da magariba.

Kin san shirun da unguwa ke yi ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci? Injin niƙa ya tsaya, masu shago sun ja ƙofa, ba ka jin kome sai huɗuba daga nesa, iska na kawo ta tana mayarwa. A irin wannan lokacin ne, ina zaune bakin gado da carbi, na ji kwaɗon gareji ya yi ƙara. Ƙofar ƙarfe ta yi kukan nan nata. Na ce a raina ƙanin marigayi ne ya zo duba wani abu. Sai kawai na ji inji ya tashi. Wallahi injin motar maigidana ne, ko a cikin motoci ɗari zan fitar da shi. Na sauka da rarrafe na buɗe kwalla, na watsar da zannuwa. Ga makulli nan kwance da baƙar robarsa. Na ɗauke shi na damƙe a hannuna, ga shi a tafina da sanyinsa, ga mota a bayan bango tana ruri. Na ɗora ɗayan hannun a bangon, na ji yana ɗan karkarwa. Na ji ta fita, aka mayar da ƙofa, aka datse kwaɗo, shiru ya dawo kamar ba a yi kome ba.

Na fita tsakar gida na tashi Gwaggo daga gyangyaɗi, na tambaye ta ko ta ji. Sai da na maimaita har bakina ya gaji kafin ta gane. Ta ce janareton maƙwabta ne. Na ce mata babu mai janareto a lungun nan. Ta jawo ni ta rage murya, ta ce ita ma da mijinta ya rasu ta yi ta jin tarinsa a bayan ɗaki, haka kunnen mai takaba yake, kuma kada in kuskura in gaya wa kowa, don mutane ba su da wuyar cewa mace ta taɓu, ko su ce mamaci bai kwanta ba. Ta zuba garwashi a kasko ta yi mini hayaƙin tazargade har idona ya yi ja. Kafin la'asar motar ta dawo. Na ji an kashe ta, na ji injin yana ɗan ƙas-ƙas na hucewa, warin fetur ya shigo ta 'yar tagar sama.

Juma'a ta zagayo, aka sake. Wata ta zagayo, aka kuma. To, nan ne wurin da nake jin nauyin faɗa. Tsoron bai daɗe ba ya koma wani abu dabam. Na soma jiran Juma'a. Da hantsi zan yi wanka in shiga ɗaki in ja labule, in zauna in jingina bayana da bangon. Na san sarai wanda ya mutu ba ya dawowa, ina sallah, ina azkar, ba jahilcin ya kai can ba. Amma gidan ya yi mini faɗi, kuma wannan ƙarar ita kaɗai ta rage mini daga cikin ƙararrakinsa. In mota ta dawo aka kashe inji, akwai ɗan lokacin da zuciyata ke cewa yanzu zai zagayo ya yi sallama. Wata rana sai ganin kaina na yi na cika buta na ajiye a bakin ƙofa inda nake ajiye masa. Gwaggo ta tambaye ni ta wa ce, na ce tawa ce.

Kunnena kuwa bai yaudare ni ba, ni ce na ƙi saurarensa. Tun ranar farko na lura babu ƙarar nan sau biyu ta makulli. Ƙofar motar bugo ta ake yi da ƙarfi. Babu shirun addu'a, ana shiga ake murɗawa, kuma ba a jira inji ya yi ɗumi. Maigidana bai taɓa yi wa motarsa haka ba. Duk na ji, na tattara na danne.

Wata Juma'a motar ta yi jinkirin dawowa har aka yi kiran la'asar. Da ta shigo, ba a fita nan da nan ba kamar kullum. Na ji an buɗe but ɗin bayan motar, na ji ana zuba ruwa ana gurzawa da sauri-sauri, ana numfashi sama-sama. Magudanar garejin ta tsakar gidana take bi kafin ta fita waje. Na leƙa ta labule, sai ga ruwa yana gangarowa a hankali, ja-ja, yana bi ta gefen turmi. Kaji suka taso suka tsaya a kansa. Na ce wa kaina jar ƙasar hanya ce. Har yau haka nake gaya wa kaina, don ban san gaskiyar ba, kuma ba na son in sani. A ranar ne, da mutumin ya sunkuya, na ji tarin makullai sun yi kacau. Na san na taɓa jin wannan ƙarar, na kuma san inda na ji ta. Na koma na zauna na ja carbi, na ce gobe zan faɗa.

Da safe ɗana ya durƙusa a bakin ƙofa. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji kaina ina tambayarsa ko ya sha koko. Ya ce ya sha. Ya tashi ya tafi. Bayan 'yan kwanaki wata maƙwabciyata ta shigo gaisuwa, cikin hira take cewa ashe yaro ya fara fita da motar babansa, yaranta sun gani ranar Juma'a, Allah ya sanya albarka, ai gara a riƙa motsa ta. Ashe ba kunnena kaɗai ba ne, mota tana fita ido na ganinta, kuma saboda baƙin gilashi kowa ya ɗauka ɗana ne a ciki. Maimakon wannan ya buɗe mini baki, sai ya ƙara rufe shi. Na ce to in da hannunsa fa? In shi ne ya haɗa baki da wani suna taɓa kayan gado a ɓoye, ni ce zan tona masa asiri a gaban dangin ubansa? Na yi murmushi na ce mata amin.

Ba a sake wata Juma'ar ba suka zo. Da sassafe ne, ɗana yana zaune a zaure da kofin koko. Na ji takalma masu nauyi da yawa, na ji muryoyin da ban sani ba. Jami'an tsaro ne. Suka ce an kama wani a hanyar Magami da jarkokin fetur da buhunan abinci zai kai wa 'yan bindigar daji, kuma ya faɗi motar da ke kawo masa kaya duk Juma'a, da launinta da lambarta. Ɗana ya rantse tun rasuwar mahaifinsa bai ko taɓa murfin motar ba. Suka ce ina makulli. Gwaggo ta shigo tana salati, na ciro shi daga kwalla na ba ta ta kai. Ina jin babbansu yana cewa sun tambaya a unguwa, kowa ya shaida wannan mota ba ta tashi sai da makullinta na ainihi, ga makulli a cikin gida, ga namiji ɗaya a gidan, to me ya rage? Zancen da na yi ta yaɗawa a gidajen biki, shi aka ɗaure ɗana da shi. Da na ji sun ja shi, takalminsa ɗaya ya fita yana jan ƙafa, ban san lokacin da na keta tsakar gida na faɗa zaure ba mayafi ba, na ƙwala kiran sunansa. Shi ne karo na farko a rayuwata. Ya waiwayo ya dube ni kamar bai san muryar ba. Har Gwaggo sai da ta ji wannan kiran.

Ƙanin marigayi ya iso kafin azahar. Na zauna a gabansa na zayyana masa kome, tun daga Juma'ar farko har jan ruwan. Ya tambaye ni sau nawa aka yi haka. Da na faɗa masa ya kama kai, ya ce Yaya, ashe kina ji kika yi shiru, ke da ko ɓera ya motsa a gidan nan sai Gusau ta sani? Ya ce kuma wa zai yarda mota ta tashi makulli yana hannuna. Na ce ni ma ban san yadda aka yi ba, amma a nemi mai gyaran makullin nan na bakin tasha, mai tarin makullai a ƙugu, a tambaye shi abin da ya yi wa motar ranar da za mu asibiti.

Aka je rumfarsa, sai teburi wayam. Maƙwabtansa suka ce tun da labarin kamun ya bazu ya kwashe kayansa, babu wanda ya san garinsu takamaimai. Ƙanin marigayi ya yi ta zirga-zirga har aka yarda ya kai mai gyaran wayar mota inda jami'an suka ajiye motar. A gaban jami'an aka cire murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ga 'yar ƙwayar nan, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, an manne ta da gam a gefen ramin makulli. Ashe tun ranar da ya zo gyara ya cire ta daga makullin ya liƙa wa motar, kullum tana jin mai ita na kusa, kowane yankakken ƙarfe ya shiga sai ta tashi. Ya yanka wa kansa nasa a rumfa. Kwaɗon gareji kuwa ba abin da zai tsayar da mai irin sana'arsa ba ne. Ya san mai motar ya rasu, ya san matar tana takaba ba za ta leƙo ba, ya san ɗan yana Bungudu duk Juma'a, ya kuma san motar da ke komawa ɗakinta babu mai cigiyarta. Abin da na yi watanni ina damƙewa a hannuna, fanko ne.

Aka ce sai na je na ba da shaida da bakina. Gwaggo ta ce sam, mai takaba ba ta fita. Liman ya aiko cewa in akwai lalura babu laifi mace ta fita da rana ta dawo ta kwana ɗakinta, kuma leƙa ƙofar gida bai taɓa ɓata takabar kowa ba. Na je na faɗi abin da kunnena ya ji, ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ba a sake shi nan take ba, sai da aka yi makonni ana bincike, mutanen Bungudu suka zo suka shaida inda yake yini ranar Juma'a. Ranar da ya dawo ban gane takunsa ba, ni da nake gane takun baƙo. Ya rame, kunnensa na hagu ya daina ji, kuma har yau ba ya iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa. Bai taɓa gaya mini abin da ya gani a can ba. Bai kuma yi mini faɗa ba. Sau ɗaya kawai, muna zaune ina zuba masa tuwo, ya ce mini Inna, da kin gaya mini tun farko ai da na fasa zuwa Bungudu rana ɗaya na tsaya a lungun. Ya ci gaba da cin tuwonsa. Yanzu ina kiran sunansa, muna hira, sai dai in zan yi magana sai na zagaya ta damansa.

Abin da zan roƙe ku, masu mota da matan masu mota, in makulli ya lalace kada gaggawa ta sa a miƙa wa wanda ba a sani ba ya tafi da shi. A tsaya a kansa, a tambaye shi me ya cire, me ya manna, guda nawa ya yanka. Gyaran da zai sa mota ta daina tantance mai ita, buɗe ta aka yi wa duk wanda ya ga dama. Ku kuma 'yan uwana mata, dokar takaba a tambayi malamai, kada a tsaya kan abin da tsofaffi suka ji daga tsofaffi. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban ce a yar ba, amma in ta kai inda uwa za ta ji haɗari na zagaya ɗanta ta kasa buɗe baki, ta tashi daga kunya. Kuma duk abin da kika ji wanda hankalinki bai ɗauka ba, ki faɗa da wuri, ko da za a yi maki dariya. Dariyar mutane kwana biyu ce, kunnen ɗana kuwa ya tafi ke nan.

Na san akwai mai karantawa tana cewa ita da ba za ta yi wannan wautar ba, ni ma da haka zan ce in a bakin wata na ji. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, in ke ce a ɗakin nan, gida ya yi tsit, wanda kika rasa kamar ga shi nan a bayan bango zai zagayo ya yi sallama, za ki tashi tun ranar farko ki kira mutane su zo su kore shi?